Soron Gidan Mai da Na Shafe da Siminti

Ni na kashe soron gidan manmu, kuma da kyakkyawar niyya na kashe shi, abin da ya sa har yau ciwon bai warke ba ke nan.

Gidan man yana bakin hanyar da ta fita daga Ƙanƙara ta bi ta 'Yargoje ta nufi Faskari. Famfo biyu ne kacal, na fetur da na gas, dukansu na hannu. Sai ka yi ta kaɗa mariƙin har man ya hau ya cika kwalbar gilashin da ke sama, direba ya gani da idonsa, sannan a sake shi ya gangara cikin tanki. Kananzir kuwa a duro yake, ana aunawa da kwalba. Ba famfunan ne suka sa aka san wurin ba. Daga Sabuwa har Katsina, in direba ya ce zai tsaya a soro, kowa ya san inda yake nufi.

Kakana na wajen uba ne ya gina shi. Magini ne, shi ya yi masallatai da zaurukan masu sarauta da dama a ƙasarmu. Bai ji daɗi ba da Baba ya bar gini ya koma sayar da fetur a garwa a gindin bishiyar bedi. An ce sun yi shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Ranar da aka kafa famfon farko, tsohon ya zo ya zagaya filin, ya auna da ƙafa, ya tafi. Washegari jakuna suka fara sauke jar ƙasa. Shi ne gininsa na ƙarshe, bai ga daminarsa ta uku ba.

Ɗaki ɗaya ne babba, mai kaurin bango, mai ɗaurin guga, wato rufin nan da ke tashi a lanƙwashe daga kusurwa huɗu ya haɗu a tsakiya ba tare da ginshiƙi ba. In ka ɗaga kai za ka ga azara a jere kamar saƙar tabarma. Tagogin ƙanana ne, can sama, don warin mai ya riƙa fita. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke narkewa, in ka shiga ciki sai ka ji sanyi ya bi ƙafarka. A waje akwai zankaye huɗu a kan rufin, da dogon dakali a gaba inda direbobi ke kishingiɗa. A saman ƙofar kuma Kaka ya yi zane mai tudu da yatsunsa. Ya yi dagi kamar yadda ya saba, amma ya ƙara abin da bai taɓa yi a wani gini ba: babbar mota mai bodin katako, da tayoyinta, da sitiyari a gefe. Tsoho bai iya cewa ya huce da baki ba, sai ya zana motar.

Ginin ƙasa yana son hannu. Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa a gabas, sai gidanmu ya tashi tsaye. Matan Maguzawa na ƙauyukan bayan 'Yargoje sukan zo a jere, ƙoren makuba a kafaɗa kamar yadda suke ɗaukar kaya, su sauke, a cika musu kwalabensu da kananzir. Makuba ɓawon ɗorawa ne. Inna takan jiƙa shi a rabin duro har ruwan ya yi baƙi ƙirin, ya yi wari mai hawa kai, a kwaɓa ƙasa da shi. Wannan yaɓen shi ke hana ruwa cin bango. Akwai wani tsohon Bamaguje da ya koyi gini a hannun Kaka, muna ce masa Baba magini. Shi yakan zo ya yi bango, mahaifina kuma ya hau rufin da kansa ya toshe tsaga, ya share indararo. Zanen saman ƙofa kuwa ba mai taɓa shi sai mahaifina. Da yatsa ɗaya yake binsa, layi bayan layi, yana iya yin wuni guda a kan tayar mota.

Na tsani wannan aiki. Makuba in ta taɓa riga ta zauna ke nan, kuma farcenka sai ya yi mako yana baƙi. Abokaina na makaranta in suka wuce suka gan ni cikin kwaɓi har gwiwa, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dole in faɗi wani abu a nan, don wanda bai tashi a irin gidanmu ba ya gane abin da ya biyo baya. Ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallon idona ya yi mini doguwar magana ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya taras ana yi. Inna ma ta fi shi. In akwai magana tsakaninmu, sai ta bi ta wajen Goggo, yayar Baba, wadda ta goya ni. Ita ce bakinsa, ita ce kuma bakina. Da na gama makarantar koyon sana'a na kama aiki a Kaduna, sai Baba ya sami sunan da zai riƙa kirana da shi. Yakan ce wa Goggo, ina zaune a wurin, "A tambayi mutumin Kaduna ko ya iso lahiya."

Shekarun nan ne kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi babur, masu ɗan ƙarfi suka sayi mota. Layi a gidan manmu yakan kai har gindin bedi. Duk wanda ya sami abin hannu, abin da yake fara yi shi ne ya rushe ɗakin ƙasa ya ɗora bulo da kwano. Ni kuma ina Kaduna ina ganin sababbin gidajen mai masu rumfar ƙarfe da fitilu, ga takardar shaida a akwati wadda ta fi ƙarfin kaina. Na karanta gini na 'yan shekaru, sai na ɗauka duk wanda ya yi gini kafin a haife ni lalube yake yi.

Abu biyu suka tunzura ni. Na farko, wani jami'in kamfanin da ke kawo mana mai ya zo dubawa ina nan. Ya tsaya ya riƙe ƙugu ya dubi soron, ya yi dariya, ya tambaye ni da Turanci ko nan gidan mai ne ko masallacin ƙauye. Na taya shi dariyar, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na biyu, a yaɓen shekarar ƙafar Baba ta zame a kan tsani, ya faɗo ya bugu a ƙugu, ya yi wata guda yana ɗingishi. Daga baya duk wanda ya tambaye ni, dalili na biyu nake faɗa. Gaskiya ne na ji tausayinsa ƙwarai. Amma na farkon ne ya fi cina.

A shekarar Allah ya nufi Baba da aikin Hajji. Ya sa Goggo ta gaya mini in ɗauki hutu in zo in riƙe wurin. A garinmu in mutum ya tafi Makka, 'ya'yansa kan gyara gida kafin ya dawo. A share, a shafa farar ƙasa, mai hali ya sa fenti, don alhaji ya sauka a wuri sabo. Ƙannena suka kawo shawarar a shafe soron da farar ƙasa kamar yadda kowa ke yi, ga ta nan a ƙasarmu kamar banza. Na ce musu wannan aikin talauci ne. Ni zan yi wa Baba abin da ba zai ƙara hawa tsani ba har abada.

Na ɗauko birkiloli daga Funtuwa, na cika mota da siminti. Da suka duba bangon suka ce siminti ba ya kama ƙasa haka nan, sai an sassare ta, an kafa ƙusoshi, an ɗaura waya. Na ce su yi. Suka ce zanen nan mai tudu zai hana shafe ya kwanta daidai. Ina tsaye, hannuna a aljihu, na ce su aske shi. Da bakin cebur suka yi, bai ɗauke su lokacin shan shayi ba.

Ranar kasuwa ce, sai ga Baba magini ya biyo da sandarsa. Ya tsaya a bakin hanya ya daɗe yana kallo kafin ya matso.

"Kai ɗan nan, mi kake yi haka?"

Na ce, "Gyara nike, Baba. Alhaji ya kusa dawowa."

"Aradu wanga ba gyara ba ne. Ƙasa da siminti ba su zama wuri guda. Siminti shina tsagewa, ko ba yau ba. In ya tsage ruwa ya shiga, to ta ina za shi hita? Makuba tana barin gini ya jiƙa ya bushe. Wanga kuwa rufe shi za ka yi da ruwa a ciki."

Na yi masa bayani, ni mai ilimi. Na kawo masa sunayen abubuwa da Turanci, na ce masa zamani ya wuce wurin. Har na ce masa kada ya damu, ko ba yaɓe za a riƙa yi masa alheri. Wannan maganar ita ce ta fi muni, na gani a fuskarsa. Ya sunkuya ya ɗauki wani guntun zanen daga ƙasa, rabin tayar motar ne, ya jujjuya shi, ya ajiye a kan dakali a hankali, ya kama hanyarsa.

Aka shafe soron tun daga tushe har kan zankaye, har rufin. Aka buga masa fenti fari da shuɗi. Wallahi ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutane suka riƙa tsayawa suna kallo, ana cewa ɗan wane ya fitar da ubansa kunya. Na yi kwana uku ina zagaya shi kamar ango.

Ranar da Baba ya sauka, da hantsi motocin 'yan tarbo suka iso daga Kano. Kafin a wuce gida sai aka tsaya a gidan mai, don kowa na son ya ga fuskarsa in ya gani. Jama'a ta cika wurin, mata na guɗa. Ya fito daga mota da farar jallabiya, ya rame, ya yi haske. Ya ɗaga kai. Ina kusa, na ga murmushin ya tsaya a fuskarsa bai ƙaru ba bai ragu ba. Ya taka har bakin ƙofa, ya miƙa hannu sama inda motar take a da, ya shafa wurin, sumul. Mutane na ta cewa, "Alhaji ka ga aikin ɗanka? Ka ga aikin ɗanka?"

Ya juyo wajen Goggo ya ce, "A ce mashi Allah shi yi albarka."

Na ɗauki wannan a matsayin yabo, na koma Kaduna da shi ina faɗa wa abokan aiki.

Da bazara ta zo na zo gida hutun ƙarshen mako, sai na taras da matan Maguzawa sun iso da makubarsu kamar kullum, ba wanda ya aika musu cewa an daina. Suka tsaya cirko-cirko suna kallon fenti. Baba ya sa aka karɓa, aka cika musu kwalabensu, aka zuba makubar a bayan soro. Tana nan a tare har ruwa ya dake ta ta ruɓe. Da shekara ta zagayo ba su zo ba.

Damina ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Duk zuwan da na yi sai na bubbuga bangon a gaban mutane na ce, to ina masu cewa zai faɗi? Amma na lura da wasu abubuwa, na yi kamar ban lura ba. Sanyin cikin ɗakin ya sauya, ya zama irin na rijiya, mai warin danshi. Farar ƙasar ciki ta fara kumbura tana zubowa. Tsaga siririya ta fito a rufi, wata a gindin indararo. Na aiko da siminti aka lilliƙe, wasu suka fito a gefensu. Sau da yawa nakan hango Baba bayan sallar La'asar yana bin bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa a kusa. Wani wurin ya yi ƙara a cike, wani wurin ya amsa kamar ganga. In ya ga na hango shi sai ya wayance da kakkaɓe riga.

Goggo ta taɓa ce mini, "Ubanka fa in hadari ya taso ba ya cin abincin kirki." Na saya masa maganin ƙarin jini a Kaduna na aiko. Wannan ita ce iyakar fahimtata, ni da ake ce wa mai ilimin gidan.

A damina ta huɗu aka yi marka ta kwana da kwanaki. Wani direban motar hatsi da ke zuwa daga Sabuwa ya biyo ta ofishinmu ya ce mini in je gida, soro ya zauna, ya rushe. Na tambaye shi ko an rasa rai, ya ce ko kaza ba ta mutu ba. Ya ce tun mako guda kafin nan Alhaji ya sa aka kwashe komai daga ciki, ya kuma hana kowa fakewa a dakalin, har direbobi na jin haushinsa. Da rana tsaka abin ya faru, Alhaji yana tsaye a gindin bedi yana kallo.

Na iso washegari da azahar, ana yayyafi. Rufin ya rufta ciki gaba ɗaya. Simintin ya tsaya a wasu wuraren shi kaɗai, falle-falle, fentinsa fes kamar jiya aka shafa, ƙusoshi na reto a jikin waya. Abin da ke bayansa kuwa ba bango ba ne kuma. Na sa hannu na damƙo, ya zubo ta tsakanin yatsuna kamar kunu. Azarar ta yi baƙi, gara ta cinye cikinta. Baba yana can gefe a ƙarƙashin wata rumfar zana da aka kafa, yana kaɗa famfo yana ba wani mai babur fetur. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana kallon kwalbar gilashi, kamar yadda ya saba.

Baba magini yana zaune a kan wani tudun ƙasar da ta zube. Ya tsufa sosai a 'yan shekarun nan. Na so in kauce masa, ya kira ni da hannu. Na zaci zai ce ai ya faɗa mini. Da ma hakan ya ce, da na fi samun sauƙi.

Ya ce, "Zauna in hwaɗa maka abin da ba ka sani ba. Kwana bakwai da saukar Alhaji daga Makka ya aika aka kira ni. Muka zagaya ginin nan ni da shi. Ya ce mani, ana iya ceto shi? Na ce ana iyawa, in an ɗaye simintin nan kahin ruwan hwari. Bangon zai ji ciwo, amma ni da kai muna iya maida shi, har motar ma, tunda hannunka ya san ta."

Na ce, "To me ya hana?"

"Sai ya ce mani, duk garin nan sun ga yaron nan ya yi aikin nan, sun sa mashi albarka. In na sa aka ɗaye, mi za a ce da shi? Da wace huska zai ƙara shigowa garin nan? Na ce, Alhaji, ginin ubanka ne. Ya ce ya sani. Kowace shekara sai na dawo mashi da maganar, kowace shekara amsar guda ce. A ta ukku na ce mashi yanzu ko an ɗaye an makara."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na zagaya bayan duron kananzir, ni da gemuna da 'ya'yana biyu, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina goye. Ashe duk ƙwanƙwasawar nan da yake yi ba bincike ba ne, ya riga ya sani tun makon farko. Shekara huɗu yana sauraron ginin ubansa yana ruɓewa, ni kuma ina zuwa ina bubbuga bangon ina cika baki a gabansa.

Na so in je in faɗi a gabansa in ce ya yafe mini. Na taka har kusa da rumfar, sai na tsaya. Ba mu taɓa irin wannan maganar ba ni da shi, ban san ta inda ake fara ta ba, na kuma san in na fara zan jefa shi cikin kunyar da ta fi ta rushewar soron. Sai na wuce gida wajen Goggo. Na ce ta je ta gaya masa na san abin da na yi, na san kuma abin da ya yi, ya yafe mini don Allah.

Ta ɗauki mayafinta ta fita, ba ta ko tsokane ni ba, ita da ba ta iya ganina ba ta tsokane ni ba. Na zauna a ɗakinta ina jira har aka kira La'asar. Da ta dawo ta zauna a bakin gado ta daɗe tana gyara ɗaurin ɗankwali.

Na ce, "Goggo, me ya ce?"

Ta ce, "Ya ce a gaya wa mutumin Kaduna, wane laihi? Ya ce ginin ne ya tsuhwa, kwanansa ne ya ƙare."

Bayan damina aka kwashe ƙasar aka cike wani rami da ita, aka yi ɗakin bulo mai rufin kwano, irin wanda kowa ke da shi. Da rana ba ya shiguwa don zafi. Direbobi suka koma shan mai su wuce. Baba ya ƙara shekara tara yana sayar da mai a wurin, kuma matafiya ba su daina tambayarsa ina soro ba. Sau da yawa ina zaune a gefensa ake tambayar. Ko sau ɗaya bai sauya amsa ba, yakan ce tsufa ne ya kayar da shi, ni kuma ko sau ɗaya ban buɗe baki na gyara masa ba.